Yadda za ka yi idan an ware ka a wurin binciken filin jirgin sama saboda kamanninka ko sunanka

A farkon watan Janairun 2010 hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, ta fitar da jerin ƙasashe 14 ta ce duk mai fasfonsu, ko wanda ya biyo ta cikinsu, sai an yi masa ƙarin bincike kafin ya hau jirgin da zai nufi Amurka. Najeriya da Sudan suna cikin jerin, tare da Saudiyya, Yaman, Pakistan, Somaliya da sauransu. Abin da ya jawo haka shi ne yunƙurin Umar Farouk Abdulmutallab na tayar da bam ɗin da ya ɓoye a kamfansa cikin jirgin Northwest mai lamba 253 daga Amsterdam zuwa Detroit a ranar 25 ga Disamban 2009. Ministar yaɗa labarai ta Najeriya a lokacin, Dora Akunyili, ta fito ta ce rashin adalci ne a hukunta al'ummar ƙasa guda saboda laifin mutum ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ciwo shi ne mahaifin yaron, Alhaji Umaru Mutallab, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba ya faɗa musu damuwarsa game da ɗansa, aka sa sunan a wani babban rumbun bayanai, amma ba a soke bizarsa ba, ba a kuma sa shi cikin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. An bar jaki aka koma dukan taiki. Zuwa watan Afrilun 2010 Amurka ta janye jerin, ta ce za ta dogara da bayanan sirri game da mutane ɗaiɗaiku.

An janye jerin a takarda, amma kuɗin goron da ake yi wa baƙar fata, da masu suna Muhammad ko Abubakar, da mata masu hijabi, bai fita daga idon wasu jami'ai ba. Ra'ayina a fili yake: ware matafiyi saboda launin fatarsa ko addininsa zalunci ne, kuma ba ya ƙara wa kowa tsaro. To amma mai tafiya jibi ba muhawara kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar sanin abin da zai yi don ya tsira da lokacinsa da mutuncinsa, ya kuma bar shaidar da za ta yi amfani.

Fara da gane abin da ya same ka

Ba kowane ƙarin bincike ne wariya ba, kuma wanda ya gauraya su zai kai kuka inda ba a nan maganinsa yake ba. Idan za ka Amurka, ka duba takardar shiga jirginka. In ka ga haruffa SSSS a jikinta, to kwamfuta ce ta zaɓe ka tun kafin wani jami'i ya ga fuskarka, kuma galibi alamar farko ita ce an ƙi barin ka fitar da takardar ta intanet, an ce sai ka zo kanta. Wannan na iya faruwa ta hanyar ƙuri'a, ko saboda ƙasashen da ka ziyarta, ko yanayin sayen tikitinka, ko kuma don sunanka ya yi kama da na wani da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido. Wannan na ƙarshe ya fi samun mutanenmu, domin sunayenmu suna maimaituwa matuƙa, amma ba mu kaɗai ba ne: a 2004 Sanata Edward Kennedy ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa an tsare shi sau da dama a filayen jirgi saboda wani suna mai kama da nasa. Kama da wane ba wane ba ne, sai dai kwamfuta ba ta san haka ba sai an gaya mata.

Wani lokaci kuma na'ura ce ta yi ƙara, saboda ƙarfe ko tarin yadi. Babbar riga mai aiki, rawani, da hijabi mai faɗi suna sa na'urar ɗaukar hoton jiki ta nuna alama, sai a lalube wurin da hannu. Abin da ya cancanci a kira wariya shi ne a tsame ka daga layi ba tare da wata alama a takarda ko ƙarar na'ura ba, a bar na gabanka da na bayanka su wuce, a shiga tambayarka masallacin da kake zuwa ko sau nawa kake salla, ko kuma ka lura duk waɗanda aka tsayar tare da kai kamanninku ɗaya.

Shirin da ake yi tun daga gida

Manufar shiri ita ce ka toshe duk wata kafa ta gaskiya da za a bi a tsayar da kai, ta yadda in an tsayar da kai ɗin za a ga dalilin tsirara. Ka tabbatar sunan da ke tikiti daidai yake da na fasfo harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutane uku ne a wurin kwamfuta, haka nan sauya jerin suna tsakanin naka da na mahaifi da na gari. Tikitin tafiya ba dawowa, ko wanda aka saya da tsabar kuɗi ana gobe tafiya, yana jawo ido. In dole ce ta sa, ka riƙe takardar da ke bayyana dalilin. Ka buga adireshin masaukinka, da takardar gayyata ko ta makaranta ko ta asibiti, a kan takarda, kada ka dogara da waya kaɗai, don wayar na iya kasancewa a hannun jami'i a daidai lokacin da ake tambayarka.

Kayan jakar hannu su ne inda muka fi tuntuɓe. Tun bayan makircin da aka bankaɗo a Landan a watan Agustan 2006 aka taƙaita ruwa-ruwa zuwa mililita 100 a kowace kwalba, kuma ko da yake wasu filaye masu sababbin na'urori sun sassauta, ka ɗauka dokar tana nan, ka sa turare, zuma da man shanu a babbar jaka. Tun 2018 kuma gari da ya wuce mililita 350 yana jawo ƙarin bincike a jiragen da ke zuwa Amurka, wato yaji, kuka, lalle da garin kunu duk su koma babbar jaka. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai daga ƙasashenmu, kuma ɓoye su ya fi kawo su laifi. Kuɗin da ya wuce dala 10,000 ba haramun ba ne shiga da shi Amurka, rashin bayyana shi ne laifi.

Akwai al'adarmu ta karɓar saƙo, wadda alheri ce a mota amma haɗari ce a jirgi. A ranar 17 ga Afrilun 1986, a filin jirgin Heathrow na Landan, jami'an kamfanin jirgin Isra'ila El Al sun gano bam a ƙasan jakar wata 'yar ƙasar Ayalan mai suna Anne-Marie Murphy, mai juna biyu, wadda saurayinta Nezar Hindawi ya ba ta jakar ya ce ta yi gaba zai biyo ta su yi aure. Ba ta san abin da ta ɗauko ba. Saboda irin wannan ne ake tambayarka ko kai ka haɗa kayanka da kanka. Duk saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka karɓa, ko daga wa ya fito, kuma in ka karɓa aka tambaye ka, ka faɗi gaskiya. Ka kuma ƙara aƙalla awa guda a kan lokacin da kamfanin jirgi ya ce a zo, domin mai gaggawa shi ne ke saurin fusata.

A gaban jami'i

Ka yi magana kaɗan, a natse, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Kada ka yi ƙarya ko a ƙaramin abu, domin a Amurka yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa, kuma kada ka yi raha da kalmar bam ko makami ko da wasa. In Turancinka bai kai ba, ka nemi tafinta maimakon ka riƙa gyaɗa kai, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, musamman a wurin jami'an shige da fice, inda wata takardar ke nufin ka janye neman shiga ƙasar da kanka.

Kina da haƙƙoƙi a nan, ke 'yar'uwa mai hijabi, kuma neman su ba rashin kunya ba ne. A ƙa'idar TSA ba dole ba ne ki cire lulluɓinki a bainar jama'a. Idan ana buƙatar lalube shi ko cire shi, ki ce a kai ki keɓaɓɓen ɗaki kuma mace ce za ta yi, kina kuma iya neman wanda kuke tafe tare ya shiga ya zama shaida. Mai niƙabi za ta buɗe fuska don a gwada da hoton fasfo, ita ma tana iya neman mace ta duba ta a gefe. Namiji ma yana iya neman keɓaɓɓen wuri, kuma idan akwai laya ko guru a jikinka, ko ƙarfen da likita ya sa maka, ka faɗa tun kafin a taɓa ka.

Idan ka ga abin ya wuce ƙa'ida, kada ka yi jayayya da ƙaramin jami'i, ka nemi shugabansa cikin ladabi, ka tambaye shi dalilin da ya sa aka ware ka. Mai yiwuwa ya ce ƙuri'a ce, ko ya ƙi amsawa, to ka riƙe amsar yadda ta fito. Na san akwai ɗaci a ce wa wanda aka zalunta ya yi ƙasa da murya, amma ɗaga murya a wurin nan yana ba su dalilin da ba su da shi a da, sai rahoton ya koma kan halinka a manta da abin da aka yi maka.

Dokar kowace ƙasa daban take, kuma a nan ne rashin sani ke jefa mutane a rami. A Birtaniya, Jadawali na 7 na dokar yaƙi da ta'addanci ta 2000 ya ba 'yan sanda ikon tsayar da matafiyi a tashar jirgi har tsawon awa 6 ba tare da suna da wani zargi a kansa ba, kuma a ƙarƙashinsa ba ka da 'yancin yin shiru: ƙin amsa tambaya ko ƙin ba da lambar buɗe waya laifi ne, an kuma taɓa hukunta mutane a kansa. Idan an tsare ka a hukumance kana da damar neman lauya, ka nema. A Amurka jami'an kan iyaka suna iya duba wayarka da kwamfutarka, kuma mai biza da ya ƙi yarda ana iya mayar da shi gida, saboda haka abin da ba ka so a gani ka bar shi tun daga gida. Idan tsarewar ta zama kamu, ka nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, haƙƙin da yarjejeniyar Viyana ta 1963 ta tanada.

Idan aka ce maka ai hankali ne ya kawo haka

Za ka haɗu da masu cewa tunda waɗanda suka kai harin 11 ga Satumban 2001 su 19 duk Larabawa ne Musulmi, ɓata lokaci ne a caje tsohuwar Baturiya. Har cikinmu akwai masu faɗin haka, kuma ba da zagi ake amsa musu ba.

Amsa ta farko ita ce maƙiyi yana da ido. Duk kamannin da aka sanar cewa su ake nema, an sanar ke nan da kamannin da za su wuce salin-alin, kuma idan kiɗa ya canza rawa ma takan canza. A ranar 30 ga Mayun 1972, lokacin da Isra'ila ke sa ido kan Falasɗinawa, Japanawa uku ne suka sauka a filin jirgin Lod na Isra'ila suka buɗe wuta suka kashe mutum 26. Anne-Marie Murphy farar fata ce Kirista. Richard Reid, wanda ya ɓoye bam a takalminsa a jirgin Paris zuwa Miami a watan Disamban 2001, haifaffen Landan ne mai fasfon Birtaniya da sunan Turawa. Shi kansa Abdulmutallab, a lokacin da ake hangen Balarabe, sai ga baƙar fata ɗan boko da ya yi jami'a a Landan. Ba a gane Musulmi a fuska: mabiya addinin sun kusa biliyan 2, ƙasar da ta daɗe da fin kowace yawansu Indonesiya ce, kuma Larabawa ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Ta biyu lissafi ne. TSA tana tantance mutum sama da miliyan 2 a kowace rana, kuma kusan dukkansu, har da Musulmin cikinsu, ba su da wani mugun nufi. Jami'ai da mintoci ƙididdigaggu ne, duk mintin da aka ɓata a kan ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke tafiyarsa ta goma sha biyu an ɗauke shi ne daga wani wuri. Masanin lissafi William Press na Jami'ar Texas ya nuna a 2009 cewa tsananta bincike kan rukuni guda bai fi zaɓen ƙuri'a kama mai laifi ba, domin mutanen kirki iri ɗaya ake ta sake cajewa kullum. Ɗan ƙaramin fifiko ne kawai ya yi amfani a lissafinsa, shi ma sai an ɗauka alƙaluman da aka gina shi a kai daidai ne. An ma gwada a aikace. Rahoton da ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar a 2000 game da kwastan ya gano cewa baƙaƙen mata 'yan ƙasar sun ninka fararen mata sau 9 wajen yiwuwar a ɗauki hoton cikin jikinsu bayan an lalube su, alhali yiwuwar samun haramtaccen kaya a wurinsu bai kai rabin na fararen ba.

Za a kawo maka misalin Isra'ila. Gaskiya ne filin jirgin Ben Gurion yana da tsaro mai tsanani, kuma gaskiya ne ana bambanta Larabawa da Yahudawa a can, abin da Larabawa 'yan ƙasar suka daɗe suna kuka da shi har gaban kotun ƙoli. Amma babban fili ɗaya ne, fasinjojinsa na shekara guda Amurka tana tantance adadinsu cikin kwanaki goma sha, kuma abin da ya kama bam ɗin 1986 tambaya ce da binciken jaka da aka yi wa wadda ba ta yi kama da kowa da ake tsoro ba.

Hujjar da ta fi shiga raina ita ce ta Alhaji Umaru Mutallab. Bayanin da ya fi kowane daraja a wannan lamari daga bakin uba ya fito, wanda ya danne son ɗa ya je ya faɗi gaskiya. Hukumar da ke wulaƙanta al'umma guda a kowace tafiya tana rufe ƙofar da irin wannan uba zai shigo ta cikinta.

Bayan ka wuce

Kafin ka hau jirgi, ko da zarar ka zauna, ka rubuta komai tun bai dushe ba: rana, lokaci, sunan fili, lambar ƙofa ko layi, sunan jami'i ko lambar da ke ƙirjinsa, tambayoyin da aka yi maka da kalmomin da aka yi su, tsawon lokacin da aka riƙe ka, da su wa aka tsayar su wa aka bari. Ka adana takardar shiga jirgi, ka karɓi lambar wayar duk fasinjan da ya ga abin ya kuma yarda ya ba da shaida. Kada ka ɗauki hoto a zauren shige da fice, an hana a mafi yawan ƙasashe.

Mutanenmu sukan ce a bar wa Allah, kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma koke a rubuce shi ne ya taɓa sauya wani abu. Limamai shida da aka sauke daga jirgin US Airways a Minneapolis a watan Nuwamban 2006, bayan an gan su suna salla a filin jirgin, sun kai ƙara, aka kuma sasanta da su a 2009 da biyan diyya. A 2012 jami'an TSA sama da 30 a filin jirgin Logan na Boston ne da kansu suka kai kuka cewa shirin lura da ɗabi'un matafiya ya rikiɗe ya koma farautar baƙaƙe da 'yan Latin Amurka da mutanen Gabas ta Tsakiya, kuma a 2013 GAO ta ce an kashe wa shirin kusan dala miliyan 900 ba tare da hujjar kimiyya cewa yana aiki ba.

Ka aika kokenka inda ya dace. Idan jami'in bincike ne a Amurka, TSA tana da sashen kare haƙƙin jama'a da ke karɓar koke ta intanet, kuma akwai wa'adi, saboda haka kada ka bari ya kwana biyu. Idan ma'aikatan jirgi ne suka sauke ka ko suka sauya maka kujera saboda harshenka ko suturarka, ma'aikatar sufuri ta Amurka ce ke sauraren wannan, bayan ka rubuta wa kamfanin. A Birtaniya ana fara kai koken Jadawali na 7 ga rundunar 'yan sandan da ta tsare ka. Ka rubuta abin da ya faru a jere, ba zagi ba ƙari, ka haɗa da kwafin takardunka.

Idan kuwa SSSS ce ke bin ka a kowace tafiya, to alama ce ta rikicin suna, kuma maganinsa shirin DHS TRIP na ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, wanda ba sai ɗan ƙasa ba ne ke iya nema. Za ka cike takarda a shafinsu na intanet, ka lissafa tafiye-tafiyen da aka tsayar da kai, ka tura kwafin shafin fasfonka, su ba ka lamba mai alƙaluma 7. Ba za su faɗa maka dalilin da ya sa ake tsayar da kai ba, kuma lambar ba ta hana ƙuri'a ta faɗo kanka wata rana, amma tana raba ka da mai irin sunanka. Ka ba wakilin da ke yanka maka tikiti ita, ka tabbatar ya shigar da ita a gurbinta duk lokacin da zai yi maka ajiyar kujera, domin lambar da ba a shigar ba kwamfuta ba ta ganinta.